Ginin Ƙarfe a Bauchi: Na Ƙasar Ƙanƙara Daban, Na Ƙasar Guguwa Daban

Ranar Asabar 16 ga Yunin 2018, washegarin Ƙaramar Salla, hadari ya haɗo a Bauchi da yamma, sai iska ta riga ruwan isowa. Kafin ta lafa ta yaye rufin gidaje fiye da dubu, ta karya turakun lantarki, ta tuge itatuwa. An rasa rayuka, sama da mutum ɗari suka jikkata, har Shugaba Muhammadu Buhari ya zo jaje bayan 'yan kwanaki. Da gari ya waye bayan guguwar, kwanon rufi ne ko'ina, wani a kan titi, wani a tsakar gidan maƙwabta, wani ya naɗe a jikin waya.

Duk mai niyyar kafa ginin ƙarfe a Bauchi ya kamata ya riƙe wannan rana a ransa, domin irin wannan gini yana ƙara samun karɓuwa a garin. Masu sayen masara da riɗi da waken suya suna son sito mai faɗi wanda babu ginshiƙi a tsakiyarsa. Masu injin casar shinkafa, masu kiwon kaji, masu wuraren biki, makarantu da masallatan Juma'a da ke neman rumfa, duk sun gano cewa ƙarfe ya fi saurin tashi, gara ba ta cinsa, kuma katako mai ƙwari ya yi tsada. Yanzu a waya ma ana tallarsa. Kamfani daga Sin ko Turkiyya zai turo hoton katafaren sito tsaye cikin farar dusar ƙanƙara, ya ce ga shaidar ƙarfinsa. Mai saye sai ya yi lissafin cewa abin da ya jure sanyin Rasha ai ba zai gagara a Bauchi ba. A nan ake yin kuskure mai tsada.

Ginin da ke zuwa a kwantena

Yadda abin yake, ana zana ginin a kwamfuta, a yanka kowane ginshiƙi da kowace gwafa a masana'anta, a huda ramukan noti, a shafa fenti, a rubuta wa kowane guntu lambarsa. Sai a loda a kwantena ko a tirela. A wurin aiki babu sauran yanka ko awo, ɗaurawa kawai ake yi bisa lamba. Da yake babbar kwantena ba ta wuce tsawon mita 12 ba, duk ƙarfen da ya fi haka sai an raba shi a haɗa da noti a filin gini.

Dabarar ta daɗe. A 1829 wani injiniya mai suna Henry Robinson Palmer ya yi rajistar kwanon rufi mai kwari-kwari, don rufe sito-sito a tashar jiragen ruwa ta Landan. A 1916, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, Manjo Peter Nissen na rundunar Birtaniya ya ƙirƙiro ɗakin kwano mai siffar baka wanda sojoji kaɗan ke haɗawa cikin sa'o'i. Amurkawa suka fito da nasu a 1941, mai suna Quonset, suka ƙera fiye da 150,000 kafin yaƙi ya ƙare. A shekarun 1970 sana'ar ta shiga ƙasashen zafi: kamfanin Kirby ya kafu a Kuwait a 1976, Zamil Steel kuma a Dammam ta Saudiyya a 1977. Bauchi ma ta san manyan rumfunan aiki tun zuwan jirgin ƙasa a farkon shekarun 1960, da kuma masana'antar haɗa motoci da taraktoci ta Steyr da aka buɗe a ƙarshen shekarun 1970 tare da wani kamfanin Ostiriya.

Abin lura shi ne, arahar wannan gini ta samo asali ne daga tsimin ƙarfe. Mai zane yana sa kauri daidai inda nauyi zai faɗa, ya rage inda ba a bukata. Shi ya sa ake ganin ginshiƙin ya yi faɗi a sama, ya tsuke a ƙasa. Ke nan kowane gini an ɗinka shi ne daidai da yanayin garin da aka gaya wa mai zane. In aka ba shi labarin wani gari, ginin wani gari zai zana.

Abin da ƙanƙara ke nema

A Kanada, arewacin Amurka, Rasha da arewacin Sin, tambayar farko da mai saye ke yi ita ce nawa rufin zai ɗauka. Dusar ƙanƙara sabuwar sauka ba ta da nauyi sosai, amma in ta kwana biyu ta danne kanta, kowace mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi takan kai kilo 200 zuwa 300. Idan ta taru har rabin mita a kan sito mai faɗin mita 20 da tsawon mita 50, rufin yana ɗauke da tan 100 zuwa 150. Wato kamar a ɗora masa lodin siminti na tirela uku zuwa biyar, a bar shi da shi wata da watanni.

Idan lissafi ya kauce, sakamakon yana da muni. A ranar 18 ga Janairun 1978, rufin ƙarfe na babban zauren wasanni na Hartford a Amurka ya rufta cikin dare bayan saukar dusar ƙanƙara, sa'o'i kaɗan bayan dubban 'yan kallo sun watse. Allah ya kiyaye babu kowa a ciki, bincike kuma ya gano kurakurai a zanen. A ranar 28 ga Janairun 2006 ba a yi wannan sa'ar ba: rufin zauren baje koli na Katowice a ƙasar Folan ya faɗo wa jama'a ana tsakiyar baje kolin tattabaru, mutum 65 suka mutu.

Saboda haka ginin ƙasar sanyi yake da gwafanni masu kauri da ƙarafan shimfiɗar kwano kusa da juna. Harsashinsa yakan nutsa fiye da mita ɗaya, don ya wuce inda ƙasa ke daskarewa, tun da ruwan cikin ƙasa in ya zama ƙanƙara kumbura yake yi ya ɗaga gini. Ana toshe kowace kafa don kada ɗumi ya fita. Wasu ma ba sa sa indararo, domin ƙanƙara na karya shi.

Duk waɗannan abubuwa kuɗi ne, kuma ƙarfe da awon tan ake sayar da shi. Dusar ƙanƙara ba ta sauka a Bauchi. Abin da aka sani shi ne ƙanƙarar da kan biyo ruwan sama jefi-jefi, musamman wajen Jos, ita ma ta narke nan take. Wanda ya sayi ginin da aka zana don sanyi ya biya kuɗin ƙarfen da ba zai yi masa aiki ba, ya biya dakonsa a teku, ya biya kwastan, ya biya tirela ta ja shi sama da kilomita dubu daga Legas. Abin da ya fi wannan ciwo, bayan duk wannan kashe kuɗi, babu tabbacin ginin ya shirya wa abin da ke jiransa.

Iska ɗagawa take yi

Ƙanƙara dannawa take yi ƙasa, iska kuwa sama take fizga. In ta bi ta kan rufi da gudu sai ta tsotse shi, in kuma ta samu babbar ƙofa a buɗe ta shiga ciki, sai ta tura shi daga ƙasa. Ƙarfin biyu suna haɗuwa a kan kwano ɗaya.

Injiniyoyi sun san cewa in gudun iska ya ninka biyu, ƙarfinta ninkawa huɗu yake yi. Iskar da ke gudun kilomita 108 a awa tana matsa kowace murabba'in mita da kimanin kilo 55. In ta kai kilomita 144, abin ya kusa kilo 100, a bakin rufi da kusurwoyinsa kuma ya fi haka. Shi kuwa kwanon ƙarfe mai kaurin rabin milimita nauyinsa bai wuce kilo 4 a kowace murabba'in mita ba. Babu abin da ke riƙe shi sai sukurun da aka ɗaure shi da su. Shi ya sa ɓarna kan fara daga kusurwa: sukuru ɗaya ya sake, kwano ya ɗan ɗaga baki, iska ta samu hannu, sai ta bi layin gaba ɗaya tana kwarewa.

Mai saye zai iya gane ginin da aka yi wa tanadin iska in ya tsaya ciki ya ɗaga kai. Zai ga wasu gajerun ƙarafa a karkace, suna tasowa daga ƙasan babbar gwafa su kama ƙarafan shimfiɗar kwano. Ƙanana ne, har wasu masu haɗawa kan raina su su bar su a ƙasa. Aikinsu kuwa babba ne. Lokacin da nauyi ke dannawa daga sama, gefen saman gwafar ne ke matsuwa, shi kuma a riƙe yake. In iska ta juya lamarin ta ja sama, gefen ƙasa ne ke matsuwa, in ba shi da matokari sai ya murɗe. Zai kuma ga rodi biyu da suka giciye juna a wasu sassan bango da rufi. Su ke hana ginin kwantawa gefe. Akwai masu cire su daga baya don a buɗe ƙofa ko a jera buhuna, wannan kuwa ganganci ne.

Ƙarshen sarƙar yana ƙasa. Ginin ƙarfe ba shi da nauyin ginin bulo, don haka harsashinsa aiki biyu yake yi, yana ɗaukarsa yana kuma riƙe shi kada ya tashi. Dogayen kusoshin da ake binnewa cikin kankare, waɗanda ake ɗaure ƙafar ginshiƙi a kansu, su ne ke wannan aiki. Bauchi gari ne mai duwatsu, wani fili ana haƙa kaɗan a tarar da fa, wani kuma laka ce ta fadama mai kumbura da damina ta tsage da rani. Kamfanin da ke Sin bai san wannan ba. Abin da zai iya bayarwa shi ne lissafin ƙarfin da kowane ginshiƙi zai sauke ko ya ja, injiniyan gida ne zai duba ƙasa ya zana harsashin.

Zafi, ruwa da ƙura

Bayan iska sai rana. A Maris da Afrilu zafin Bauchi kan doshi digiri 40, kwano mai duhun launi kuma yakan haura digiri 70 da tsakar rana. Kore mai duhu da ruwan ƙasa da ake yayi suna da kyan gani, amma fari ko launin azurfa sun fi mayar da hasken rana. A ƙasar sanyi ana son rana ta shigo, shi ya sa ake yawaita kwanon roba mai haske a rufi. A nan in ya yi yawa, ma'aikata ba za su iya zama a ƙarƙashinsa ba.

Maganin zafi a irin wannan gini guda uku ne: tsayi, mashigar iska, da abin tare zafi. Iska mai zafi sama take hawa, saboda haka ana barin mafita mai hula a tsawon ƙoƙuwar rufin, a bar tagogi a ƙasa don mai sanyi ta shigo. A ƙarƙashin kwano ana shimfiɗa audugar gilas ko ta dutse mai fuskar azurfa. Wannan shi ne abu ɗaya da ginin sanyi da na zafi suka yi tarayya a kai, domin abin da ke hana ɗumi fita shi ke hana zafi shiga. Yana kuma maganin raɓar da kan taru a ƙarƙashin kwano da asubahin damina ta riƙa ɗiga kan buhuna har hatsi ya yi fumfuna. Masu kiwon kaji sun fi kowa sanin darajar wannan, domin kaza ba ta gumi, in zafi ya haura digiri 30 sai ta rage ci ta rage ƙwai. Shi ya sa ake miƙe ɗakin kaji daga gabas zuwa yamma, a bar gefunansa da raga, a tsawaita bakin rufi don inuwa.

Ƙarfe kuma yana miƙewa da zafi. Kwano mai tsawon mita 50, in zafinsa ya canja da digiri 40 tsakanin dare da rana, yakan ƙaru da kusan santimita biyu da rabi, na alminiyam kuwa kusan ninkin haka. Wannan kai da komo na kullum shi ke faɗaɗa ramin sukuru har rufi ya fara yoyo, musamman in robar da ke ƙarƙashin kan sukurun ta banza ce wadda rana ke busarwa.

Ruwan Bauchi yakan kai milimita 1,000 a shekara, akasarinsa tsakanin Mayu da Satumba, kuma da yawa yake zubowa a lokaci guda. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Ke nan rufin sito mai murabba'in mita 1,000 yana tara lita kusan miliyan ɗaya a shekara, in kuma aka yi ruwan milimita 50 cikin awa guda, lita 50,000 ce za ta nemi hanya. Ƙaramin indararo ba zai ɗauka ba, ambaliya zai yi ta koma cikin kaya. Mai dabara kan haɗa shi da tankin ƙasa ya ci moriyar ruwan da rani.

Da hunturu kuma ƙura ce, daga Disamba zuwa Fabrairu. Mai sarrafa abinci ko mai injuna yana bukatar tagogin da ake iya rufewa da raga mai tacewa. Ta fuskar tsatsa, Bauchi ta fi Legas da Fatakwal sauƙi tun da babu gishirin teku, amma takin zamani da kashin kaji suna cin ƙarfe sosai. Wanda zai ajiye su sai ya faɗa tun farko a ƙara wa ƙarfen kariya, a kuma ɗaga ƙafar ginshiƙi a kan dakalin kankare.

Wuta ma abin tunani ce. A makon guguwar 2018 ɗin ne gobara ta cinye babbar kasuwar Azare. Ƙarfe ba ya kamawa, amma in zafi ya kai digiri 550 zuwa 600 yakan rasa kusan rabin ƙarfinsa ya lanƙwashe. Allunan bango masu farin soso a tsakiya suna da araha, sai dai soson yana ci da wuta. Masu audugar dutse a tsakiya sun fi tsada, ba sa kamawa.

A wurin wa za a saya?

Hanya uku ce. Ana iya shigo da ginin daga waje, ana iya ba kamfanonin ƙira na cikin gida a Legas, Abuja, Kaduna ko Kano, ana kuma iya ba masu walda na gari. Kowace hanya aka bi, farashin yana bin dala, domin masana'antar Ajaokuta da aka fara tun 1979 ba ta kai ga samar da ƙarfen ba, ita kuma ta Jos rodi aka gina ta ta yi. Manyan ƙarafan gini da naɗin kwano galibi daga waje suke zuwa.

Masu waldan Bauchi sun ƙware, kuma rumfuna da yawa da ke tsaye a garin aikin hannunsu ne. Ƙaramar rumfar mota ko shago ba ta fi ƙarfinsu ba. Amma in faɗi ya kai mita 15 ko 20, ido da gogewa kaɗai ba su isa ba, sai da lissafi. Garin kuwa ba shi da ƙarancin masu yinsa, ga Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da aka kafa a 1980, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Gwallameji, duk suna yaye injiniyoyin gini. Abin nema shi ne injiniya mai rajista da hukumar kula da injiniyoyi ta COREN, wanda zai sa hatiminsa a zane, sannan a kai zanen hukumar raya birane ta jiha a karɓi izini.

Kafin a biya kafin alƙalami, akwai abubuwan da ya kamata su fito a rubuce. Wane gudun iska aka yi lissafi da shi, kuma an yi la'akari da ƙofofi a buɗe? An sa nauyin dusar ƙanƙara? In an sa, a cire. Za a rataya silin, fankoki ko tanki, ko za a ɗora faifan sola a rufi? Nawa ne jimillar nauyin ƙarfen? Wannan tambaya ta ƙarshe ita ke tona asirin farashi. In kamfani biyu suka ba da kuɗin sito iri ɗaya, na ɗaya ya yi ƙasa ƙwarai, sau da yawa ƙarfen aka rage. A kuma tambayi abin da ba ya cikin kuɗin, domin harsashi, daɓe, dako, kwastan, hayar injin ɗaga kaya da ladan masu haɗawa yawanci a wuyan mai saye suke. Kayan da za a shigo da su daga waje suna bukatar takardar shaidar inganci ta hukumar SON.

Ranar da kaya suka iso, kada a dogara da abin da aka rubuta a jikin kwano. Akwai ɗan ma'aunin kauri da ke shiga aljihu, ana matse bakin kwano da shi a karanta. A auna daga sama, a zaro daga tsakiyar ɗauri a auna, domin kwanon da aka ce milimita 0.55 ne yakan fito 0.45 ko ƙasa da haka, fenti kuma yana ƙara masa kaurin da ba na ƙarfe ba. A ƙirga guntaye bisa takardar lodi tun direba bai tafi ba. A duba kan notuna: masu ƙarfi suna ɗauke da lamba 8.8 ko 10.9. In wasu suka ɓace, kada a cike gurbinsu da kowane iri daga kasuwa. Ramin da bai dace ba kuma a koma ga injiniya, kada a faɗaɗa shi da wutar walda. A gefen bango, da yawa sun fi son a ja bulo ya kai mita biyu kafin kwano ya ɗora, saboda ɓarayi da kuma gogar motocin lodi.

Lokacin aiki ma yana cikin lissafi. Ginin ƙarfe ya fi rauni a kwanakin da ƙashinsa ke tsaye ba a gama ɗaure matokaransa ba, ko an rufe rabi an bar rabi. Iskar farkon damina a Bauchi takan fara daga ƙarshen Afrilu zuwa Yuni. Kankaren harsashi yana bukatar kwana 28 kafin ya kai cikakken ƙarfinsa, kuma da hunturu sai an riƙa ba shi ruwa kullum saboda bushewar iska. Kayan waje kuma sukan ɗauki watanni tsakanin ƙira, teku da tashar Legas. Wanda ya ba da oda da kaka, ya zuba harsashi a Disamba ko Janairu, zai iya tayar da ƙarfe a Fabrairu ya gama rufi a Maris. Daga nan abin da ya rage aikin shekara-shekara ne: kowane Afrilu a hau a ƙara ɗaure sukurun bakin rufi da kusurwoyi, a kwashe ƙurar hunturu daga indararo, a shafe duk inda tsatsa ta ɓullo, sannan a umarci mai gadi ya riƙa rufe manyan ƙofofi da zarar hadari ya taso daga gabas.